Ƙwallon Kwando Na Mata: A Waiwayi Ƙananan Kwalejoji

Ranar 29 ga watan Yuli, 2024, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Nijeriya, watau D'Tigress, ta kara da ta Ostareliya a wasannin Olimfik na Faris. A lokacin Ostareliya ce ta 3 a jerin gwanayen duniya, Nijeriya kuwa tana ta 12, saboda haka masu lissafi sun riga sun yanke hukunci tun kafin a jefa ƙwallo sama. Da aka tashi, Nijeriya na da 75, Ostareliya na da 62. Bayan kwana shida 'yan matan nan suka ka da Kanada da ci 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a ƙwallon kwando na Olimfik. Ko da yake Amurka ta tare su a nan da ci 88 da 74, hukumar wasan ta duniya, FIBA, ta ɗaga Nijeriya zuwa matsayi na 8 bayan gasar. A watan Agusta na 2025 kuma suka doke Mali da ci 78 da 64 a Abijan, suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, na bakwai ke nan a tarihi.

Ko shakka babu wannan abin alfahari ne, kuma Gwamnatin Tarayya ta kyauta da ta karrama su da lambobin girma da alkawarin gidaje da kuɗi. Amma bayan an gama tafi da guɗa, akwai tambayar da ya wajaba hukumomin ilmi da na wasanni su yi wa kansu: a ina aka horar da waɗannan 'yan mata?

Amsar ba ta da daɗin ji. Akasarinsu makarantun Amurka ne suka rene su. Mai horar da su, Rena Wakama, an haife ta a Jihar Karolina ta Arewa, ta kuma yi wasa a Jami'ar Western Carolina, wadda ba ta cikin manyan da ake jin amonsu a wannan fage. Ezinne Kalu, wadda ta jefa maki 19 a ragar Ostareliya, a Jami'ar Savannah State ta goge, ƙaramar makaranta a Jihar Jojiya. Waɗanda suka fara wasa a gida, irin su Murjanatu Musa da ta ɗauki kofin ƙasa tare da ƙungiyar Air Warriors ta Abuja a 2019, ba su da yawa. Babu mai musun cewa waɗanda aka haifa a waje 'ya'yan ƙasa ne na halak, sun kuma yi wa tutar ƙasa hidima da zuciya ɗaya. Sai dai ƙasar da ta dogara ga makarantun wata ƙasa su riƙa horar mata da 'yan wasa, tana ado ne da kayan aro, kuma an san kayan aro ba sa rufe katara.

Yana da kyau a duba abin da waɗancan ƙananan makarantu suke da shi. A Amurka akwai rukuni na uku na wasannin kwalejoji, mai makarantu fiye da 400, yawancinsu ƙanana, kuma doka ta hana su bai wa ɗalibi tallafin karatu saboda wasa kawai. Duk da haka, daga watan Nuwamba zuwa Maris kowace ƙungiya takan buga wasa wajen 25, ana rubuta sakamakon kowanne, ana kuma fitar da jerin ƙungiyoyi 25 mafiya ƙarfi mako-mako. Idan wata makarantar da ba a san da ita ba ta ka da wadda ke saman jeri, a mako mai zuwa za a ga babbar ta gangaro, ƙaramar ta hau. Ta haka ake sanin sunan yarinyar da ta yi bajintar, masu neman gwanaye su bi sawunta.

Tarihin wasan ma ya nuna cewa ƙanƙantar makaranta ba ta hana ta suna. A 1972, 1973 da 1974, Kwalejin Immaculata, wata 'yar makarantar mata kusa da Filadelfiya mai ɗalibai 'yan ɗaruruwa, ita ce ta cinye gasar kwalejojin mata ta ƙasar Amurka sau uku a jere, alhali zauren wasanta ya ƙone tun kafin nan, sai aron wuri take yi. A 1998 kuma Jami'ar Harvard, wadda aka sa a matsayi na 16 a rukuninta, ta je har gidan Stanford mai matsayi na ɗaya ta doke ta da ci 71 da 67. Ana tuna waɗannan wasanni har yau domin akwai jeri, akwai kuma rubutaccen bayani. Inda ba a auna ƙungiyoyi, ba yadda za a yi a san ranar da ƙarami ya ka da babba.

To, a nan gida yaya lamarin yake? Akwai wasannin jami'o'i na NUGA tun 1966, akwai NIPOGA na kwalejojin kimiyya da fasaha, da NICEGA na kwalejojin horon malamai, ga kuma gasar Milo ta makarantun sakandare da aka fara a 1999, wadda ke da ɓangaren 'yan mata. Dukansu suna da amfani, amma bukukuwa ne na 'yan kwanaki. A tara ɗalibai sati biyu ko uku kafin tafiya, a buga wasa uku ko huɗu, wadda aka fitar ta koma gida ta jira wata shekara ko fiye. Ɗalibar da ke karatun shekara biyu na babbar difloma ko ƙarama tana iya shiga makaranta ta fita ba ta buga wasa goma na gaske ba. Babu kuma wani jeri na ƙasa da ake bugawa a kai a kai wanda zai nuna matsayin kwalejin Zariya a kan ta Kafanchan, ko ta Kano a kan ta Fankshin. Wannan shi ne fafe gora ranar tafiya.

Babu inda wannan rashi ya fi fitowa fili kamar unguwannin Kaduna na kudancin kogi. Daga Kakuri da Makera zuwa Barnawa, Narayi, Talbijin, Unguwar Romi da Sabon Tasha, yanki ne mai cunkoson matasa da makarantu. Kwalejin Sarauniya Amina tana Kakuri. Reshen nazarin muhalli na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna yana Barnawa. Akwai makarantar koyon aikin jinya ta Asibitin St. Gerard a Kakuri, da ta asibitin masu taɓin hankali na Tarayya a Barnawa, ban da makarantun sakandare na gwamnati da na masu zaman kansu. A waɗannan wurare akwai 'yan mata masu tsawo da ƙarfi da kaifin ido, waɗanda ba wanda zai san iyawarsu muddin ba a haɗa su da tsararrakinsu a fili ba.

A da masana'antu ne ke ɗaukar nauyin wasanni a wannan yanki. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Masaƙar UNTL ta riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai sunanta, masana'antar kayan yaƙi kuma ta riƙe DIC Bees, wadda daga baya ta zama Ranchers Bees. Ko a wancan zamani na wadata, rabon mata kaɗan ne. Da aka rufe KTL a 2002, sauran masaƙu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, sai wannan ƙofa ta toshe. Yanzu makaranta ce kaɗai ta rage wadda ke da fili, da malamai, da rajistar ɗalibai, da amincewar iyaye.

Ba a rasa tushe ba. Kaduna ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa a 1977 da 2009. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Oliver B. Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa, kuma a hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasa kafin ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Wannan ya isa shaida cewa fili ɗaya da malami ɗaya mai naci suna iya fitar da mutanen da duniya za ta sani. Abin da aka yi wa samari a Samaru ana iya yi wa 'yan mata a Kakuri.

Aikin kuwa bai fi ƙarfin jiha ba. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, daɓen siminti da turaku biyu sun wadatar. Mutum biyar ke wasa a kowane ɓangare, ƙungiya duka ba ta wuce mutum 12. Idan makarantu takwas suka yarda su kara gida da waje, kowace za ta buga wasa 14 a shekara, jimla wasa 56, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta buƙatar kwana a hanya ko kuɗin masauki. Yammacin Laraba, wanda manyan makarantu suka saba keɓe wa wasanni, da safiyar Asabar, sun isa, ba tare da an taɓa lokacin darasi ko ranakun ibada ba.

Dokar FIBA ta ba da maki 2 ga wanda ya ci, maki 1 ga wanda aka cinye, babu ko ɗaya ga wanda ya ƙi zuwa. Wannan tsari ya dace da masu koyo, domin yana saka wa ƙungiyar da ta daure ta zo ko da ta san za ta sha kashi. Wajibi ne alƙalan wasa su cika takardar sakamako, a aika da ita ga ƙungiyar wasan ta jiha a ranar, a kuma fitar da jeri kowace Litinin ta rediyo da jaridu da intanet. In jihohi da dama suka yi haka, haɗa jeri na ƙasa ba zai gagara ba, tun da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, mai kula da irin waɗannan kwalejoji, hedkwatarta a nan Kaduna take.

Sai dai jeri yana da nasa haɗari, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Na farko, idan matsayi ya zama abin gasa tsakanin shugabannin makarantu, za a fara shigo da sojojin haya, watau 'yan wasan da ba ɗalibai ba, ko waɗanda suka rage shekaru. Maganin wannan shi ne katin shaida mai hoto da sa hannun magatakardan makaranta, da kwashe makin duk wadda aka kama. Na biyu, kada a jera ƙungiyoyi bisa tsohon suna ko girman makaranta. FIBA kanta tana duba ƙarfin abokin karawa, da wurin da aka yi wasan, da kusancin lokacinsa, kafin ta ba da maki, ta yadda nasara a kan mai ƙarfi ta fi nauyi. Na uku, ya kamata masu horarwa su koya wa yara cewa matsayi bayanin jiya ne kawai. Ostareliya da aka ka da a wasan farko ba ta watse ba, ita ce ta koma gida da lambar tagulla. Wadda ke sama kada ta raina abokiyar karawa, domin raina kama ka ga gayya. Wadda aka ka da kuma ta koma fili ranar Laraba.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari saboda sutura, kuma damuwarsu abar saurara ce. Tun ranar 1 ga Oktoba, 2017, FIBA ta halatta wasa da lulluɓin kai. Idan aka tanadi mata masu horarwa da malamai mata masu rakiya, aka kuma kammala wasa kafin magariba, yawancin wannan damuwa za ta kau. Bugu da ƙari, sanin kowa ne cewa tun rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin jama'ar gari ɗaya, har an sami matasan da suka girma ba su da ƙawa ko aboki a ɗaya gefen. Gasar da za ta sa 'yan matan Tudun Wada da Unguwar Rimi su ƙetare gada zuwa Barnawa wannan mako, na Barnawa su rama ziyara mako mai zuwa, tana da amfanin da ya wuce na wasa.

A ƙarshe, ya kamata a tuna da abin da ya faru a 2022. Rikicin shugabanci a hukumar wasan ta ƙasa ya sa gwamnati ta janye Nijeriya daga wasannin duniya a watan Mayu, kuma kafin a soke matakin FIBA ta riga ta miƙa wa Mali gurbin da 'yan matan suka samu da guminsu a gasar kofin duniya ta Sidni. Matsayi na 8 ma yana iya zamewa idan babu masu tasowa a baya. Saboda haka ya kyautu Ma'aikatar Ilmi da hukumar wasanni ta Jihar Kaduna su kira shugabannin makarantun nan takwas ko goma zama ɗaya, a gyara filayen da ke akwai, a horar da alƙalai da masu rubuta sakamako daga cikin malamai, a fitar da jadawalin wasanni kafin a shiga sabuwar shekarar karatu. Ɗalibai mata kuma su kai buƙatarsu a rubuce ga shugabannin sashen wasanni na makarantunsu, domin kuɗin wasanni da ake karɓa a hannunsu lokacin rajista daidai yake da wanda ake karɓa a hannun maza.