Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Baƙo a Birnin Guangzhou

Sanin kowa ne cewa fatauci tsohuwar sana'ar Bahaushe ce. A zamanin da, idan ayari ya isa Gwanja neman goro, falke ba ya sauka sai a gidan mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa haja, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. A yau jirgin sama ya maye gurbin jaki, kuma ɗaya daga cikin manyan zangunan fatakenmu shi ne Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton. Sai dai a ganina, da yawa daga cikin masu zuwa birnin sukan je su dawo ba tare da sun gan shi ba.

Dalili kuwa a fili yake. Birni ne mai mutane fiye da miliyan 18 bisa ƙidayar 2020, amma baƙonmu da ya sauka sai ya zarce unguwar Xiaobei ko Sanyuanli, inda 'yan Afirka suka fi taruwa. A can zai kwana, a can zai ci abincin da ya saba, daga can kuma tafinta zai kai shi kasuwa ya dawo da shi. Wannan tafinta dillali ne, la'adarsa yake nema, don haka ba zai kai ka inda ba a ciniki ba. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Aboki ɗan gari shi ne wanda zai ɓata yininsa a kanka ba don ya sami ko kwabo ba.

Amfaninsa na farko shi ne fitar da baƙo daga ƙananan wahalhalu. Google da WhatsApp da Facebook duk a toshe suke a ƙasar Sin, ciniki kuwa, har na mai sayar da lemo a bakin titi, da waya ake biyansa ta WeChat ko Alipay. Ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1997, ya yi rassa kamar saƙar gizo. Ga kuma harshe: wanda ya haddace gaisuwar Mandarin zai iske cewa 'yan asalin birnin Kantonanci suke yi a tsakaninsu.

Amma babban amfaninsa ya wuce wannan. Shi ne zai tashe ka da sassafe ya kai ka shan shayi, al'adar da suke kira yum cha, inda tsofaffi ke zama su daɗe suna hira a gaban ƙananan kwanduna na abincin da aka turara. Zai nuna maka cewa idan an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu shi ne godiya. Idan ya san kai Musulmi ne, zai hana ka taɓa yawancin kwandunan, domin naman alade da kitsensa sun yawaita a girkin yankin, sa'an nan ya koya maka gane haruffa biyu da ake karantawa qingzhen, alamar gidajen abincin halal. Daga nan ya bi da kai ta lunguna zuwa masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar. Musulmin Sin suna danganta kafa shi ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun nuna a Madina aka binne shi. Ko ma dai yaya ne, masallacin shaida ne cewa Larabawa da Farisawa sun yi fatauci a bakin wannan kogi fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Haka kuma a tsibirin Shamian, baƙo shi kaɗai gine-ginen Turawa kawai zai gani ya ɗauki hoto. Ɗan gari zai gaya masa cewa daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarje wa Turawan Yamma su yi ciniki, kuma bayan yaƙe-yaƙen da aka yi a kan cinikin ofiyom ne Ingila da Faransa suka raba tsibirin a tsakaninsu. Wanda ya fito daga ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ba ya bukatar a fassara masa yadda muryar abokin nasa ke sauyawa a wurin.

Wani zai ce ai aboki abin da yake alfahari da shi kaɗai zai nuna maka. Wannan gaskiya ne. Zai kai ka hasumiyar Kanton mai tsayin mita 600, amma da wuya ya tayar da zancen watan Afrilu na 2020, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal da sunan yaƙi da cutar korona, har Kakakin Majalisar Wakilai ta Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Ba kuma daidai ba ne ka matsa masa da tambayoyin siyasa, domin kai za ka hau jirgi ka tafi, shi kuwa a nan zai ci gaba da zama. Irin wannan labari a Xiaobei za ka ji shi, daga bakin 'yan'uwanka da suka daɗe a can. Duk da haka, ko a wancan mawuyacin lokaci, baƙon da ya san ƙofar wani ɗan gari ya fi wanda bai san kowa ba sai mai otal.

Akwai kuma Sinawa da ke zaune a Kano shekara da shekaru suna harkar yadi da masana'antu. Da yawansu sun san Kantin Kwari ciki da bai, amma ba su taɓa hawa Dala ba, ba su leƙa karofin Ƙofar Mata ba, ba a kuma taɓa gayyatar su cin tuwon sallah a gidan kowa ba.