Masu Gida da Ƴan Gabansu: Fatan Magoyin Pillars a Matameye Kafin a Buɗe Kaka

Hanyar da ta taso daga Damagaram ta biyo ta Takeita, ta ratsa Matameye, ta tsallaka iyaka a Ɗan Barto da Kwangwalam, ita ce ke kai mutum Daura da Kazaure har birnin Kano. Kayan kasuwa na bin wannan hanya, son ƙwallo ma na bin ta. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a tarar da matashi a Matameye, wanda ƙasarsa ke da gasarta da ƙungiyoyinta irin su Espoir ta Damagaram, amma yana bin labarin Kano Pillars a wayarsa kamar ƙungiyar unguwarsu. A makonnin da ke gabanin buɗe sabuwar kakar gasar Nijeriya, hirar irin wannan magoyi ba ta wuce tambaya guda: wa zai ci wa Pillars ƙwallo bana? Amsarsa kuma sunaye biyu ce, Rabi'u Ali da Ahmed Musa. Wannan amsa tana da daɗin ji, sai dai ita ce babban abin da ya kamata ya hana magoyin barci.

Ba a banza sunayen nan suka kama bakin mutane ba. Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, ya daɗe yana jan ragamar ƙungiyar, kuma da shi aka ɗauki kofunan gasar ƙasa na 2012 da 2013 da 2014 a jere. Ahmed Musa kuwa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana matashi, abin da ya buɗe masa ƙofar Holan, daga nan Rasha, sannan Ingila da Saudiyya da Turkiyya. Ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya: biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Aisland a 2018. Ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a watan Oktoba na 2024, a watan Yuli na 2025 kuma gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar alhali bai yi ritaya daga wasa ba. Duk wanda ya ɗora fatansa a kan waɗannan mutane biyu yana da hujjarsa a tarihi.

Amma kaka ba da tarihi ake buga ta ba. Gasar tana da ƙungiyoyi 20, kowacce na buga wasa 38, rabinsu a waje, galibi bayan doguwar tafiya a mota zuwa Aba ko Fatakwal ko Legas. Rabi'u Ali ya haura shekara arba'in. An haifi Ahmed Musa a 1992, kuma makaminsa tun farko gudu ne, gudu kuwa shi shekaru ke fara ragewa. Ga nauyin ofis ya hau kansa. Akwai kuma tambayar da magoya baya ke kauce wa yi: idan ranar ba ta yi wa babban manaja kyau a fili ba, wane mai horarwa ne zai iya cire shi ba tare da ya waiwaya ba? Ƙungiyar da ba ta warware wannan tun kafin a fara wasa ba za ta warware shi ne a tsakiyar kaka, lokacin da maki suka riga suka zube.

Ɗalibin harshe zai lura cewa rabin matsalar na cikin yadda ake maganar ƙwallon. Kirarin ƙungiyar shi ne "Sai Masu Gida", kuma kalmar "gida" ta mamaye Hausar ƙwallo: ana cewa mai tsaron gida, satar gida, wasan gida. Kirarin ya yi daidai da wani zamani, domin Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a doke ta a gidanta a gasar ƙasa ba, har sai da Nasarawa United ta yi nasara a Kano a 2015. Sai dai kirarin ya saba wa magoya baya da auna ƴan gaba da abin da suka yi a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, gaban jama'arsu. Da aka mayar da filin wurin killace masu cutar korona a 2020, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a wasu garuruwa, kuma a 2022 ta faɗi daga babbar gasa, sai a 2023 ta dawo. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma darasi ɗaya a bayyane yake: mai gida da ba ya iya ci a gidan wani, ranar da aka raba shi da nasa gidan ba shi da mafaka.

Akwai wani giɓi na biyu a harshen. Hausa na da wadatar kalmomi ga wanda ya ƙarasa aiki: ya ci, ya zura, ya jefa a raga. Amma wanda ya shirya masa ƙwallon ba shi da suna tsayayye; sai dai a kewaya a ce "ya bayar aka ci". Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a ƙirga shi a hira. Saboda haka magoyi ke haddace yawan ƙwallayen ɗan gaba, ya manta da ɗan tsakiyar da ya ƙwato ƙwallon da ɗan gefen da ya kawo ta. Idan ya zo hasashen kaka, sai ya lissafa masu ci kawai, alhali kai hari aikin mutum biyar ne ko shida.

Mutumin Nijar bai kamata a yi masa dogon bayani kan wannan ba. Mena ta je gasar cin kofin Afirka sau biyu a jere, a 2012 da 2013, idon kowa kuma na kan Musa Ma'azu. A wasa shida na gasannin biyu, ƙwallo ɗaya tak ta ci, a ragar Tunisiya. Ma'azu ɗan wasa ne na gaske, amma abokan karawa sun san inda haɗarin yake, suka tsare shi, babu kuma wata hanya ta biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za a iya cewa manyan sunaye su ke cika fili, su ke kawo masu tallafi, kuma matasa a gefensu suke koyon natsuwa a gaban raga. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a ajiye Rabi'u Ali ko Ahmed Musa. Abin nema shi ne a sauya musu matsayi: su zama masu shiga inda ƙwarewa ke yanke hukunci, kamar bugun tazara da fenariti da mintocin ƙarshe, a bar wa matasa ɗawainiyar gudu na minti casa'in. Pillars ta san yadda ake fito da sabon maciyi. Junior Lokosa ya ci mata ƙwallo 19 a 2018, daga baya ya koma Esperance ta Tunisiya. Fitar da irinsa ba ita ce wahala ba. Wahalar ita ce a tanadi magajinsa kafin ya tafi.

Don haka magoyin da ke Matameye yana da ma'aunai uku da zai riƙe a wasannin farko, waɗanda sun fi jerin sunayen da aka saya amfani. Na ɗaya, ƴan wasa nawa ne daban-daban suka ci ƙwallo a wasa goman farko? Na biyu, ƙwallo nawa aka ci a waje? Na uku, idan ɗaya daga cikin dattawan biyu bai buga ba, ƙungiyar tana da tsarin kai hari ko kuwa sai dogayen ƙwallaye da fatan sa'a? Pillars ta taɓa ba da amsa mai kyau: a 2009 ta fitar da Al Ahly daga gasar zakarun Afirka saboda ƙwallaye biyu da ta ci a Alƙahira, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Rabon ta da kofin gasar ƙasa tun 2014. Idan za ta sake ɗaukarsa, a wasanni 19 na waje za a fara ganin alama, kuma a can ya kamata magoyin Matameye ya sa ido.