Daga Amurka Zuwa Alakoss: Wace Mace Ake Saurara Ranar Naƙuda?

A Amurka, alƙaluman hukumar CDC na 2021 sun nuna cewa cikin haihuwa 100,000, mata baƙar fata kusan 70 ne suka rasu, farare kuma kusan 27. Hatta Serena Williams, da kuɗinta da sunanta, sai da ta nace kafin a duba ta a gano gudan jini a huhunta bayan ta haihu a 2017. Can launin fata ne ke sa a yi wa kukan mace kunnen uwar shegu.

Mu a Nijar galibinmu baƙaƙe ne, amma kar mu ruɗi kanmu, muna da namu wariyar: ta gari da ƙauye, ta mai shi da maras shi. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2020 ya ce mata 441 ke mutuwa a ƙasarmu cikin haihuwa 100,000.

Ku ɗauki mace a wani ƙauyen Alakoss, jini ya ɓalle mata cikin dare. Sai an jira izinin maigida, a nemo amalanke, a ratsa rairayi zuwa likita. In abin ya fi ƙarfinsu a ce sai Gure, in ya ƙi a ce sai Damagaram, fiye da kilomita 150 gaba. Zubar jini kuwa tana iya kashe mace cikin awa 2. Kusan shekara 20 ke nan da aka ce fiɗar haihuwa da awon ciki kyauta ne. To kuɗin man ambilans fa? Jinin da za a ƙara mata fa?

In ta cika sai mu ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne rai na Allah ne, amma sakaci namu ne. Shaida: da Nijar ta baza maganin misoprostol da kayan tsayar da jini a cibiyoyin lafiya, mutuwar zubar jini bayan haihuwa ta ragu da fiye da rabi. Ashe in an so ana iyawa.

'Yan uwa matasan birni, ku je ku ba da jini. Ku tambayi hukumomin kwamin nawa aka ware wa ambilans da ungozoma bana. Ku gaya wa yayye da kawunnai na ƙauye su ba matansu izinin zuwa likita tun ciki bai tsufa ba, kada a bari sai naƙuda ta yi kwana biyu.