Mahaifa Ba Gona Ba Ce

Ya kai mai karatu, ko a Dogon Dutsi kake ko a Tibiri, ka san gidan da aka yi shekaru da aure babu haihuwa. Ka san kuma wadda ake zagi: matar. Ana ce mata juya. Wannan zalunci ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Kuma kusan rabin lokaci, da hannun namiji a ciki.

Yanzu akwai wata dabara ta likitoci. Ka san yadda ake dashen albasa a fadama. To, haka take. Likita yana ɗaukar ƙwan mace da maniyyin mijinta, ya haɗa su a ɗakin bincike. Bayan kwana 3 ko 5, sai ya dasa ƙwan a mahaifar matar. Yarinyar farko da aka samu ta wannan hanya an haife ta a Ingila a 1978. A 1980 malaman Azhar na Masar suka ce halas ne, muddin irin na miji da matarsa ne. A Nijeriya ma ana yi, a Abuja da Legas.

Amma dashe ba kullum yake kamawa ba. Ana yi sau biyu, sau uku, bai kama ba. Mutum ya sayar da shanu, ya jinginar da gona. Sai ransa ya ɓaci, ya ce wa likita: a zuba uku ko huɗu a lokaci ɗaya! Wannan magana ita nake ƙi.

Manomi yana zuba hatsi da yawa a rami ɗaya. In ya tsiro, sai ya rage. Mahaifa ba gona ba ce. In ƙwai uku suka kama tare, sau da yawa ƴaƴan bakwaini ake haifa, ba su da ƙwari. Uwar kuma tana iya samun hawan jini ko zubar jini. Wa zai biya ranta?

Hanyar hankali ita ce a dasa ɗaya mai kyau. Sauran a adana su cikin sanyi mai tsanani, a dasa wani daga baya. In dashe ya ƙi, a sake duba mahaifa, a sake auna maniyyi. Sau da yawa ƙwan ne da kansa bai cika ba. Ba laifin kowa ba ne.

Kai maigida, kafin ka sayar da ko akuya ɗaya, ku tafi asibiti kai da iyalinka. A auna ku ku biyu. Ciwon sanyi yana toshe hanyar haihuwa, a yi maganinsa da wuri. Jinkiri kuma yana cutarwa, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru.

Haihuwa ta Allah ce. Amma tsare ran matarka amana ce a wuyanka. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan.