Masu cewa karatun ɗiya mace dabarar Nasara ce, ku zo ku ji Rokeya

Da an taɓo maganar karatun ƴaƴa mata, sai wasu su yi tsalle su ce wai dabarar Nasara ce. To, yau da labari muka zo, kuma ba daga Faransa ya fito ba.

A 1905 wata Musulma ƴar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta fitar da gajeren labari mai suna Mafarkin Sultana a wata mujallar mata ta Madras. Ita kanta a kulle ta tashi, yayanta ne ya riƙa koya mata karatu da dare. A labarin, mata ke riƙe da ƙasa, maza na kulle. Sarauniya ta wajabta karatu ga kowace ɗiya mace, ta hana a aurar da ita kafin shekara 21. Jami'o'in mata biyu ne: ɗaya ta gano yadda ake tatso ruwa daga gajimare, ɗaya ta iya tara zafin rana. Da abokan gaba suka fi ƙarfin sojoji maza, da zafin nan matan suka kore su.

Za a ce mana: ashe so take a kulle maza! Haba jama'a. In kullen namiji a takarda kawai ya ɓata maka rai, yaya wadda aka rufe wa ƙofar lakwal da gaske? Abin da take son ka ji ke nan. Shaida kuwa, Rokeya ba ta kulle kowa ba. Makarantar ƴan mata ta buɗe a Bhagalpur a 1909 da ɗalibai 5, ta mai da ita Kalkata a 1911, tana nan har yau. Ranar 9 ga Disamba ta kowace shekara Bangladesh na tunawa da ita.

Nasara fa? A 1915 Charlotte Perkins Gilman ta Amurka ta fitar da Herland, ƙasar da ba namiji ko ɗaya kusan shekara 2000, mata na haihuwa ba miji, ana kuma hana waɗanda aka ga ba su cancanta ba haihuwa. Wannan kam ba mu yarda da shi ba, kuma ba za mu ɓoye ba. Amma ku yi lissafi: Musulmar ta riga ta da shekara 10.

Rana da ruwa Rokeya ta sa a hannun mata masu ilimi. Mu da rana ke gasawa a Tawa da Damagaram, mata na bin rijiya tun asuba, wa ya fi mu bukatar irin su? Ɗiyar da aka fitar daga CM2 aka kai ta ɗaki ba za ta zama injiniyar ruwa ba.

Iyaye, in an koma lakwal bana, a bar su su ƙarasa. Wanda ke da hujja ya kawo, muna saurare.