Dajin Birnin Gwari: Izinin Wa, a Wane Yanki?

Abu biyu kacal gwamnatin Kaduna ta iya yi da dajin Birnin Gwari: ko ta kulle shi ga kowa, ko ta buɗe shi ga kowa.

A 2021, zamanin Nasir El-Rufa'i, kullewa aka yi. Aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako, aka haramta sare itace da sayar da fetur a jarka, a ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya. 'Yan bindiga aka ce ana nufi, amma dokar ba ta bambanta su da manomin da babur ne kaɗai zai kai matarsa asibiti ba, kuma ƙauyen da ya hango ƙurar mahara ya rasa wayar neman ɗauki. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya buɗe: aka yi sulhu, kasuwar kara ta Birnin Gwari ta sake ci bayan shekaru a rufe. Wanda ya raina wannan sauƙi bai taɓa wuce Buruku da zuciya a hannu ba. Sai dai sulhun bai taɓo tushen rigimar ba, wato wa ke da izinin yin me, kuma a ina.

Dajin ba abu guda ba ne. Gandun Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936 ya kuma koma hannun tarayya a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma kiwo da farauta haramun ne a cikinsa. Zinariyar da ke ƙasa ta tarayya ce, a Abuja ake yanka lasisinta bisa dokar ma'adinai ta 2007, sau da yawa hakimi sai dai ya ga baƙi da diga. Gona da makiyaya kuwa, Dokar Filaye ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Kowace hukuma da littafinta, ba wadda ke leƙa na 'yar'uwarta.

Abin kunya, 'yan bindiga ne suka iya rabon izini daki-daki. Wannan ƙauye zai yi shuka in ya biya haraji, girbi kuma da nasa kuɗin. Wancan rami na yaran wane ne. A 2022 har kamfen ɗin siyasa Ansaru ta hana a gabashin masarautar. Zalunci ne tsagwaronsa, amma talaka ya san wurin wa zai je ya tambaya, abin da ofis bai taɓa ba shi ba.

Za a ce ba a shata iyaka sai tsaro ya samu. A'a, rashin iyakar ne ke kiran mai bindiga ya zama alƙali. Kowace gunduma tana bukatar taswira guda, da sa hannun masarauta da ƙaramar hukuma da hukumar gandun daji da arɗon Fulani, mai nuna burtali da mashaya, da fadamar da shanu ba za su shiga ba sai bayan girbi, da ramin da ke da lasisi da sunan mai shi. A kafe ta a ƙofar hakimi, da boko da ajami. In wani ya karya sharaɗi, izininsa za a janye, ba babur ɗin gari duka ba.