Araha Ba Ta Ado: Zaɓen Lauya Ranar Da Bashi Ya Sha Kanka

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mu mutanen fadamar Argungu mun san haka. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, cin bashi don noman shinkafa ya zama ruwan dare. Sai ga ambaliyar daminar 2020 ta shanye gonaki, ta bar magidanta da bashin banki, da na mai taki, da na mai fetur ɗin injin ban-ruwa. Yau ina so mu tattauna kan ranar da sammaci ya iso ƙofar gidanka, ka fara tambayar wane lauya za ka ɗauka, kuma nawa zai ci maka.

Wani ɗan'uwana ya shiga irin wannan halin. Saboda aljihu ya bushe, sai ya bi wani da aka nuna masa a bakin kotu, wanda ya ce zai kashe maganar da ɗan kuɗi kaɗan. Ya karɓa ba rasit, ya zo zama ɗaya, daga nan wayarsa ta daina shiga. Aka yanke hukunci ba a ji ta bakin ɗan'uwan nawa ba, sai da aka sayar da shanun huɗa kafin a kuɓutar da gonar gado. Kuɗin da ya yi tattali bai kai kuɗin ƙafar sa ɗaya ba. Amma kada ka ɗauka tsada ce maganin. Wanda ake bi naira dubu ɗari takwas, in ya ɗauko babban lauya daga Abuja, ya biya masa mota da masauki duk zama, ya ƙara wa kansa bashi na biyu ke nan.

Don haka kafin ka tambayi farashi, fara sanin irin matsalar da kake ciki. Najeriya tana da dokar karayar arziki ta 1979, wadda ta ba mutum damar zuwa kotu da kansa ya bayyana cewa ya kasa biyan basussukansa, ko masu binsa su kai shi. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara, wato mutumin Argungu sai ya je Birnin Kebbi. Idan aka ayyana ka a matsayin wanda ya karye, dukiyarka za ta koma hannun wanda aka naɗa ya sayar ya raba wa masu binka, kuma kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ka tsayawa takarar majalisa ko gwamna har sai kotu ta sallame ka. Mutane ƙalilan ne ke bin wannan hanya a ƙasar nan. Yawancin rigimar bashinmu tana ƙarewa ne a kotun majistare, ko Babbar Kotun Jiha, ko kotun shari'ar Musulunci, inda fiƙihun Malikiyya yake da babin taflisi: alƙali ya hana wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa taɓa ta, a sayar a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙinsu, a bar masa abin ci da tufafi.

Ka ga ke nan gwajin farko na lauya shi ne zaman farko. Ka je da takardunka duka: yarjejeniyar rance, rasit na abin da ka biya, takardar gona ko gida in ka jinginar, da sunan wanda ya tsaya maka. Lauyan kirki zai karanta kafin ya yi magana. Zai tambaye ka wa da wa ke binka, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa da tara. Sannan zai faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba, kuma sau da yawa shawararsa ita ce sulhu: a zauna da mai bin bashi, a tsara biya kaɗan-kaɗan zuwa kaka, a rubuta, a sa hannu. Wasiƙa ɗaya da zama biyu sun fi shari'ar shekara uku sauƙi. Wanda kuwa ya ce maka "bar mini, ba za ka biya ko sisi ba" tun bai buɗe takarda ba, ka yi masa godiya ka tashi.

Ga wasu abubuwa da za ka auna iliminsa da su. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi zalla ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare matarka ko ɗanka don kai ake nema. Amma ba da cekin banki alhali ba kuɗi a asusun laifi ne a dokar 1977, kuma yana iya kai mutum gidan yari shekara biyu. Haka nan tun watan Agustan 2020, tsarin GSI na Babban Banki ya ba banki damar cire bashinsa daga asusunka na wani bankin ta hanyar lambar BVN, matuƙar ka sa hannu kan hakan lokacin karɓar rance. Lauyan da ya saba da shari'ar bashi zai taɓo waɗannan tun ba ka tambaya ba. Wanda ya ƙware a rikicin gado ko zaɓe, komai sunansa, ba lallai ya san su ba.

Sai maganar kuɗi. Kada kunya ta hana ka tambaya, domin kai ne za ka biya. Ka nemi ya raba maka lissafin gida uku: ladan aikinsa, kuɗin da kotu ke karɓa na shigar da takardu da kai sammaci, sai kuɗin mota na kowane zama. A na ukun ne mutane ke faɗawa rami, saboda shari'a tana iya ɗaguwa sau goma, kuma duk ɗagawa kuɗi ne. Tambaye shi ko farashin ya haɗa da ɗaukaka ƙara, kuma shi da kansa zai riƙa zuwa ko yaronsa zai turo. Ka nemi a rubuta duk abin da kuka yi, kuma ka karɓi rasit duk lokacin da ka biya. Akwai dokar ladan lauyoyi ta 2023 da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za su karɓa, don haka arahar da ta wuce hankali abin tuhuma ce. Ka duba takardun da ya rubuta maka ko suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, mai sunansa da lambarsa ta Kotun Ƙoli. Ka ga ofishinsa da idonka, ka kuma ji ta bakin mutum biyu da ya taɓa yi wa aiki.

In da hali, ka ga lauya biyu ko uku kafin ka yanke shawara. Sannan ka ɗora farashin kowanne a kan abin da kake tsoron rasawa. In bashin shago ne na dubu ɗari biyu, wataƙila shawarar awa ɗaya da dattijon unguwa mai shiga tsakani sun isa. In kuwa gidan da iyalinka ke kwana ne aka jinginar, ko ƙaninka ne ya tsaya maka da albashinsa, to nan ba wurin neman araha ba ne. In ba ka da ko kaɗan, ka je ofishin Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta Najeriya, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, ka tambaya ko matsalarka na cikin waɗanda suke ɗauka kyauta.

Ke kuma uwargida, kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa kan takardar lamuni sai an karanta miki ita an fassara, domin wanda ya tsaya wa mai bashi shi ma ana iya bin sa. Kai maigida, kada ka ɓoye mata sammaci. Ɓoyewa da ƙin zuwa kotu su ne ke sa a yanke hukunci a bayan idonka, daga nan aikin lauya ya ninka, kuɗinsa ma ya ninka.

Wanda ya taɓa shiga wannan hali, ya ba mu labarin abin da ya koya, ba tare da kama sunan kowa ba. Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa.